Ƙanzon Queen: daga wane zamani za ka kankaro waƙoƙin haɗinka?

Ƙanena ne ya jawo min wannan aikin. Tun da ya kalli fim ɗin nan na rayuwar Freddie Mercury da ya fito a 2018 ya zama ɗan Queen, ƙungiyar kiɗan rok ta Ingila da Freddie yake rera wa waƙa, ƙarfi da yaji, ya sauke tarin fitattun waƙoƙinsu, Greatest Hits na ɗaya da na biyu, a wayarsa, waƙa 17 a kowanne, ya dinga juya su safe da yamma har shi da kansa ya fara gundura, to ran nan sai ga saƙonsa wai Yaya dan Allah ka haɗa min wasu waɗanda ba kowa ya sani ba, na awa ɗaya kawai, waɗanda zan zuba a filashi in dinga ji a mota. Na ce masa ba komai zuwa dare, ashe sati biyu zan kwashe ina sakawa ina cirewa.

Abin da ya sa kuwa, mutanen nan albam 15 suka yi a sitidiyo daga 1973 zuwa 1995, kuma dukkansu huɗun marubuta waƙa ne, Freddie da Brian May mai jita da Roger Taylor mai ganga da John Deacon mai bes, kowa da irin nasa hannun. Abin da aka kwashe aka zuba a Greatest Hits saman tukunya ne, ƙanzon yana can ƙasa, kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake tuwo ya san wani sa'in ƙanzon ake rububi. Dokar da na kafa wa kaina guda ɗaya ce, duk waƙar da ke cikin waɗancan biyun ba ta shiga. Da na zauna sai na ga kayan sun rabu gida uku da kansu, na farko 1973 zuwa 1976, na tsakiya 1977 zuwa 1980, na ƙarshe daga 1982 har zuwa albam ɗin da aka fitar bayan mutuwar Freddie. Tambayar ita ce wane gida za ka mayar ƙashin bayan haɗinka, saboda wallahi in ka ce za ka raba daidai wa daida abin da za ka samu hatsin bara ne, ba zai jiyu a kunne ba.

Bari in fara da gidan farko tunda shi ne wanda tsofaffin masoyansu suke rantsuwa da shi. Gaskiya in ana maganar gwaninta zalla babu wanda ya kamo shi. Lokacin suna matasa, ba su da kuɗi sosai, suna ta cusa murya kan murya a tef har sai ka ji kamar mutum ɗari ne ke amshi alhali su uku ne, Freddie da May da Taylor, kuma a bayan kwalin albam ɗinsu suna rubuta cewa babu sintesaiza a ciki, don mutane su san duk wannan ƙarar da suke ji kamar algaita ko goge daga jitar May take fitowa, jitar da shi da mahaifinsa suka sassaƙa a gida da katakon wani tsohon murhu, yana kaɗa ta da kwabon sisi. To amma matsalar gidan nan ga mai haɗi ita ce an ɗinke waƙoƙin da juna. Ɗauki Queen II na 1974, wanda suka raba shi ɓangaren Fari da ɓangaren Baƙi, Farin yawanci na May, Baƙin gaba ɗaya na Freddie. "Father to Son" waƙa ce mai kyau ƙwarai, amma kanta yana manne da "Procession" wutsiyarta kuma tana shiga cikin "White Queen", in ka ciro ta ita kaɗai za ka ji an datse ta kamar wanda aka katse wa waya yana tsakiyar gaisuwa. Haka "The Fairy Feller's Master-Stroke", wadda Freddie ya rubuta kan wani zanen Richard Dadd da ke gidan zane na Tate a Landan, fiyanon ƙarshenta shi ne farkon "Nevermore". A iyafis da daddare in kana jin albam ɗin daga farko zuwa ƙarshe wannan ɗinkin shi ne daɗin, a filashin mota kuma shi ne ciwon kai.

Manyan giwaye biyu na wannan zamanin su ne suka fi cin min lokaci, "The March of the Black Queen" da "The Prophet's Song". Ta farkon minti 6 da rabi ce, kuma duk wanda ya ji ta zai gane daga ina "Bohemian Rhapsody" ta samo asali, tana canza taku kamar sau nawa, ta yi sanyi ta yi zafi ta dawo, ba ka taɓa sanin inda za ta karya ba. Ta biyun ta May ce a A Night at the Opera na 1975, minti 8 da 'yan daƙiƙu, ya rubuta ta ne bayan ya yi mafarkin ambaliya irin ta zamanin Annabi Nuhu, kuma a tsakiyarta akwai wurin da aka tsayar da kiɗa gaba ɗaya aka bar Freddie shi kaɗai yana rerawa na'ura tana maimaita muryarsa yana amsa wa kansa, hagu da dama. In dole sai ɗaya, kunnena ya fi karkata ga Black Queen don ba ta da wurin da za ka duba agogo, ita Prophet's wancan tsakiyar nata ya kai minti biyu ko fiye, a mota da ƙarar taya da iska ba abin da za ka ji sai ihu daga nesa. Amma a ƙarshe duka biyun na ajiye. Black Queen akwai wata kalma ta cin mutuncin baƙar fata a cikin baitocinta, irin wadda Turawan wancan lokacin suke jefawa ba tare da ko a jikinsu ba, ni dai ba zan miƙa wa ƙanena ita ya dinga bi da baki ba, ga shi kuma ita ma ƙarshenta yana faɗawa cikin "Funny How Love Is". Ita kuwa Prophet's ta cinye kusan kashi ɗaya cikin bakwai na awa ɗayan, sannan wutsiyarta tana narkewa cikin "Love of My Life". Tsadarta ta yi yawa.

Inda na samu riba a gidan farko shi ne Sheer Heart Attack, na ƙarshen 1974, wanda suka fara aikinsa May yana kwance da ciwon hanta da ya taso masa suna yawon wasa a Amurka. Waƙoƙinsa gajeru ne kuma suna da kaifi. "Stone Cold Crazy" minti 2 da 'yan kai, gudu kamar an koro ta, har 'yan ƙungiyar Metallica suka sake yin ta a 1990 suka ci lambar yabo ta Grammy da ita, wannan ko tunani ban yi ba na saka. Sai ukun nan da ke jere, "Tenement Funster" ta Taylor da muryarsa mai kaushi, ta miƙa wa "Flick of the Wrist", ita kuma ta miƙa wa "Lily of the Valley". Su ma a ɗinke suke, amma da yake dukkansu ukun ba su cika minti 8 ba sai na ɗauke su a matsayin waƙa ɗaya, kuma ka ga bambancinsu da Prophet's, tsawon kusan ɗaya ne amma a nan murya biyu ka samu da yanayi uku, daga taƙamar saurayi mai jita, zuwa fushin wanda aka cuta a harkar kuɗi, zuwa ɗan fiyano mai taushi. Sai "In the Lap of the Gods... Revisited", wadda da ita suke rufe wasa kafin su yi "We Are the Champions", amshinta kowa zai iya bi ko bai jin Turanci, tana ƙarewa da wata ƙara kamar fashewar bam. Kar ka ruɗe da ɗayar mai kusan irin sunan, wadda babu Revisited, waccan wata aba ce daban mai muryar da aka jirkita.

Akwai wasu tagwaye biyu da sai da na yi ta sauraro ina komawa. "'39" da "Long Away", duka na May ne kuma shi ya rera su. Long Away tana A Day at the Races na 1976, jita mai tsirkiya 12, sassauƙa, irin wadda za ka ji ka ce to madalla ka wuce. '39 kuma in ba a faɗa maka ba za ka ɗauka waƙar matuƙa jirgin ruwa ce ta mutanen da, ashe labarin 'yan sama jannati ne da suka tafi neman wata duniya, a lissafinsu shekara ɗaya suka yi, da suka dawo suka tarar shekara 100 ta wuce duk wanda suka bari ya tsufa ko ya mutu, kuma ba mamaki tunda May masanin taurari ne, ya ajiye karatun digirinsa na uku saboda kiɗa sai a 2007 ya koma ya kammala a Imperial College. '39 ce ta ci, ba ma kusa ba, tana da labarin da za ka ba wanda ke gefenka a mota. Ɗaya tagwayen "The Millionaire Waltz" da "You Take My Breath Away", duka na Freddie a albam ɗaya. Ta biyun kusan shi kaɗai ne da fiyano da muryoyinsa da ya jera, tana iya sa ka hawaye, amma a hankali take sosai har sai ka ƙure sauti, waƙar da za ta biyo baya kuma ta fasa maka sifika. Waltz ɗin tana da rai, kuma a farkonta ne za ka ji abin da Deacon ya iya da bes, mutumin da ba ya magana ba ya rera waƙa amma yatsunsa suna zance. Ita na ɗauka. "Teo Torriatte" mai amshi da Japananci na so ta, sai dai a albam an liƙa mata wani kiɗan rufewa na kusan minti ɗaya a wutsiya wanda ba shi da ma'ana in ba albam ɗin kake ji gaba ɗaya ba.

To yanzu tsallaka zuwa gidan ƙarshe, don shi ne kishiyar na farkon ta kowace fuska. A nan kusan kowace waƙa tsaye take da ƙafarta, tana da farko tana da ƙarshe, an yi ta ne da rediyo a zuciya, sautinta a cike yake daga daƙiƙar farko, wato duk abin da mai haɗi yake so. Matsalarta kuma kayan kiɗan ne suka tsufa. Gangar inji da sintesaiza na shekarun 1980 in ka ji su yanzu kamar ka buɗe tsohon album na hotunan biki ne ka ga irin ɗinkin da aka yi yayi, ka san lokacin an ji daɗi amma dai. Hot Space na 1982 shi ne wanda aka fi zagi, bayan "Another One Bites the Dust" ta yi kasuwa sai suka ce bari su shiga kiɗan rawa da ƙafa biyu, masoyan rok suka juya musu baya musamman a Amurka, May da Taylor su kansu ba su ɓoye cewa hanyar ba ta kwanta musu ba. Amma a cikinsa akwai "Cool Cat", ta Freddie da Deacon, Deacon ne ya kaɗa duk kayan kiɗan, Freddie kuma ya rera ta da siririyar murya daga farko har ƙarshe, ba hayaniya ba gaggawa. In ka saka wa wanda bai sani ba zai rantse wani baƙar fatan Amurka ne mai kiɗan sol. Na gwada ta da "Staying Power" wadda Arif Mardin ya tsara mata ƙahonni, da "Back Chat", duka biyun sun fi ta motsi amma duka biyun injin ya yi musu yawa, waɗanda aka ɗauka a wajen wasa da ganga ta gaske sun fi na albam nesa ba kusa ba. Cool Cat ita ce ba ta tsufa ba ko kaɗan. Abin da kawai zan ce, ta ɗan fita daga sahun ƙanzo tun da aka saka ta a wata tallar Amazon a 2023, yara da yawa sun san ta yanzu.

The Works na 1984 da A Kind of Magic na 1986 na wuce su da sauri, don an riga an tsame musu nama an kai Greatest Hits na biyu, abin da ya rage romo ne. Guda ɗaya ce ta tsayar da ni, "Is This the World We Created...?", 'yar gajeruwa, jita da murya kawai, Freddie da May suka rubuta ta bayan sun ga hotunan yunwa a Afirka a talbijin, kuma sun yi ta a Live Aid, wasan tara kuɗin agajin yunwar Habasha, ranar 13 ga Yuli 1985. Waƙar ba laifi. Sai dai ni duk lokacin da na ji ta sai na tuna a shekarar da ta fito ɗin ne, 1984, suka je wurin shaƙatawa na Sun City suka yi wasa lokacin mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, ana tsakiyar ƙaurace wa ƙasar, har ƙungiyar mawaƙan Ingila ta ci su tara, Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka sunansu a baƙin littafi. Tausayin Afirka a waƙa, kuɗin Sun City a aljihu. Ban saka ta ba, wani zai iya sakawa ba zan ce masa komai ba.

Inda gidan ƙarshe yake da nauyi na gaske shi ne The Miracle na 1989 da Innuendo na 1991. Wasansu na ƙarshe su huɗu shi ne na Knebworth a watan Agustan 1986, don haka waƙoƙin albam biyun nan ba a taɓa jin Freddie ya yi su a gaban jama'a ba, shi ya sa da yawa suka kwanta. Lokacin yana fama da ciwo, suka daina rubuta sunan mutum ɗaya a kan waƙa suka koma rubuta Queen kawai. "Was It All Worth It" ita ce ta rufe The Miracle, rok mai nauyi, mutum yana waiwayen rayuwarsa yana tambayar kansa ko wahalar ta biya, kuma har yau ban gane dalilin da ya sa ba su fitar da ita a matsayin singil ba, wato a faifan kanta daban, alhali sun fitar da biyar daga albam ɗin. Wannan ta shiga kai tsaye. Rigimar tana tsakanin "Bijou" da "Mother Love". Mother Love tana Made in Heaven na 1995, ita ce waƙa ta ƙarshe da Freddie ya saka wa murya a sitidiyonsu na Montreux a Suwizalan a watan Mayun 1991, bai samu ƙarfin ƙarasa ta ba, baitin ƙarshe May ne ya rera, Freddie ya rasu 24 ga Nuwamba na shekarar. In ka san wannan labarin ba ka iya jin ta kana tuƙi kana cin gyaɗa, kuma duk abin da ka saka a bayanta zai zama kamar rashin kunya. Bijou kuwa an kifa ta ne, jita ce ke rera baitocin, muryar mutum sai ɗan gutsure a tsakiya inda aka saba saka jita, minti 3 da rabi, akwai baƙin ciki a ciki amma ba ta danne ka. Don haɗin mota Bijou. Don daren da kake kai kaɗai, Mother Love.

Na bar gidan tsakiya a ƙarshe da gangan saboda shi ne amsata. News of the World 1977, Jazz 1978, The Game 1980. A nan ne suka daina ɗinke waƙoƙi, suka rage jibga muryoyi, don lokacin 'yan punk, masu rok mara kwalliya, sun taso a Ingila suna yi wa irin su Queen dariyar tsofaffi masu ƙawa, amma kuma ba su kai ga miƙa wuya ga inji ba, ganga ta gaske ce, jita ta gaske ce, sintesaiza sai a The Game ta fara leƙowa kaɗan. Wato ka samu tsayuwar waƙoƙin gidan ƙarshe da jinin gidan farko a wuri ɗaya. News of the World ma abin tausayi ne, waƙa biyun farko sun shanye shi, "We Will Rock You" da "We Are the Champions", duk wanda ya taɓa shiga gidan kallon ƙwallo ya san su, sai mutane suka manta akwai sauran tara a baya. "Spread Your Wings" ta Deacon ce, labarin wani yaro Sammy mai shara a mashaya yana mafarkin ficewa maigidansa yana kashe masa gwiwa, an fitar da ita singil ta tsaya a lamba 34 a Ingila, babu tarin amshin nan nasu a ciki, Freddie ne kawai yake ja. Duk wanda ya taɓa zama yaron shago zai ji ta a jikinsa. "It's Late" ta May minti 6 da rabi, kusan tsawon Black Queen ke nan, amma ga bambancin, ita hanya ɗaya ta miƙe tana ƙara wuta a hankali har ƙarshe inda Taylor yake sakin hannu, ba ta buƙatar ka natsu ka bi ta, ita za ta ɗauke ka. In za ka ba doguwar waƙa ɗaya wuri a haɗinka ita ce. Sai "My Melancholy Blues", fiyano da bes da ganga a hankali, babu jita sam, kamar ƙarfe biyun dare an kwashe kujeru saura mutum ɗaya.

Jazz sai an yi hattara. Sautin gangarsa siriri ne, kamar ana buga kwali, in ka ajiye waƙarsa kusa da ta The Game za ka ji ramar. Kuma da "Mustapha" yake buɗewa, wadda na san duk Bahaushen da ya ji ta sai ya ɗago kai, don Freddie ne yake kiran sunan Ibrahim da Mustapha da sunan Allah har da sallama, cikin wani gauraye na Larabci da Turanci da wasu kalmomi masu kama da Farisanci. Ba abin mamaki ba ne ga wanda aka haifa a Zanzibar a 1946 da suna Farrokh Bulsara, iyayensa 'yan Farsi na Indiya mabiya addinin Zorosta, ya tashi yana jin kiran sallah a unguwa. Ta fuskar kiɗa tana da ban sha'awa, tana farawa a ƙuntace sai jita ta faso ta cika kunne biyu. Amma ni ban ga yadda za a yi ƙanena ya ɗauko Baba ko Kawu a mota sunan Allah yana fita a cikin kiɗan rok ba, tambayoyin da za su biyo baya sun fi waƙar tsawo, kuma ni kaina ba na sakewa da ita. Ka ji ta sau ɗaya don sani, ka bar ta a can. Abin da na ɗauka a Jazz "Dead on Time" ce, gudu da jita kamar "Stone Cold Crazy" ta girma, tana ƙarewa da tsawa. "Jealousy" ta kusa shiga, jitarta tana kuka kamar sitar ta Indiya, wuri ne ya ƙare.

The Game a Munich suka yi shi da injiniya Reinhold Mack, kuma a duk albam ɗinsu babu wanda ya fi shi daɗi a sifikar mota, sautin a bushe yake a tsaye, bes yana dukan ƙirji. "Dragon Attack" ita ce 'yar'uwar "Another One Bites the Dust" da ba a kai ta makaranta ba, a bayan faifanta ma aka saka ta a Ingila, zagaye ɗaya ne bes da jita suke ta maimaitawa kowa yana shigowa ya nuna kansa ya fita. Da ita na buɗe haɗin. "Sail Away Sweet Sister" kuma May ne ya rera, Freddie ya shigo a tsakiya na ɗan lokaci ya ɗaga ta ya koma, kuma saboda ita ne ma na ƙara haƙura da Long Away, waƙar May mai taushi biyu sun isa a awa ɗaya.

Wani abu da ya ba ni wahala wanda ba ruwansa da zaɓen waƙa, ƙarfin sauti. Na fara haɗawa da fayil-fayil da na tara daga wurare daban-daban, wata daga tsohon sidi wata daga sabon gyara, sai ka ji wannan ƙasa-ƙasa waccan kamar za ta tsaga gilashi. A 2011 an sake gyara sautin albam ɗinsu gaba ɗaya, to ka tabbata duk waƙoƙinka daga wannan gyaran suke ko duk daga tsohon, kar ka gauraya. Sannan ukun nan na Sheer Heart Attack, yawancin rediyon mota suna saka ɗan shiru tsakanin fayil da fayil, gara ka haɗe su su zama fayil ɗaya tun a kwamfuta, kuma ka saka lamba a gaban sunan kowace waƙa in ba haka ba motar za ta jera maka su yadda ta ga dama. Wanda kuma ba ya son duk wannan wahalar, a 2011 ɗin sun fitar da Deep Cuts kashi uku, 1973 zuwa 1976, 1977 zuwa 1982, da 1984 zuwa 1995, ka ga su ma kusan rabon da na yi suka yi illa sun tura Hot Space tsakiya. Yana da kyau don fara leƙawa, amma kowanne zamaninsa kawai ya riƙe, ba zai ba ka hawa da saukar da haɗi yake buƙata ba.

Don haka in kai mai iyafis ne mai jin waƙa a kwance, manta da haɗi ma, ɗauki Queen II ka ji shi daga farko zuwa ƙarshe. In kunnenka ya saba da kiɗan rawa da sol kuma jita mai ƙara tana sa maka ciwon kai, fara daga Hot Space ka gangaro. In kuma irin ƙanena ne, mota da hanya da mutane a baya, tsakiya za ka kafa turaku ka ɗebo kaɗan-kaɗan daga gefe biyu. Yadda na jera masa: Dragon Attack, Stone Cold Crazy, Spread Your Wings, '39, It's Late, sai Cool Cat don a huta, The Millionaire Waltz, Dead on Time, Sail Away Sweet Sister, ukun nan na Sheer Heart Attack a haɗe, Was It All Worth It, Bijou, My Melancholy Blues, a rufe da In the Lap of the Gods... Revisited. Waƙa 16, awa ɗaya da kusan minti ɗaya. Da na ƙirga sai na ga gidan farko ya fi yawan waƙoƙi, bakwai, biyar daga ciki duk daga albam ɗaya, amma a mintuna na tsakiya ne a gaba, ya ci wajen minti 25, na ƙarshe ya tashi da waƙa uku kacal.

Na tura masa ranar Juma'a. Ranar Lahadi ya kira ni wai Yaya waccan ta shida ɗin kuskure ka yi ka saka ta ko, ai ba Queen ba ne. Na ce je ka duba sunan wanda ya rera.